Yatsu Ukun Sagindik

Shekara goma sha tara Sagindik yana tuƙa injin saran itace a dajin Altai ko ƙwarzane bai taɓa yi ba, sai ranar da wani tiyo ya fara tsatsafar da mai. Ya kai hannu zai kashe injin, shugabansu Baurjan ya daka masa tsawa.

"Ka kashe, uban wa zai tayar da shi a sanyin nan? Shafa ka ji inda yake yoyo!"

Ya shafa. Man cikin tiyon nan kuwa a matse yake, ta ƙofar da ido ba ya gani yake fita, ya shige fata kamar allura. Ɗan ɗigo ja kawai aka gani a tafin hannunsa. Baurjan ya yi dariya, ya sa aka ɗaura masa kitsen wutsiyar rago, wanda mu a wurinmu babu ciwon da ba ya yi wa magani. Kwana biyu ana shafa kitse, mai yana cin nama daga ciki. Da aka kai shi asibiti, yatsu uku aka yanke.

Yatsun ma ba su ƙona masa rai kamar takardar ba. Baurjan ya rubuta wa kamfani wai Sagindik a buge yake ranar. Mutumin da ko warin giya ba ya so! Magana ta kai har gidan surukansa. Aka mayar da shi direban motar ma'aikata, ya karɓi makulli, amma ya ƙullaci mutumin nan ƙullata ta gaske, ni kuwa ban ga laifinsa ba.

Bayan shekara huɗu, wata Laraba da hantsi, Baurjan ya kama wani tiyo ba a kashe inji an sauke matsin man ba, shi ma mai ya shige masa fata. Sai ga shi ya faɗo motar Sagindik, riƙe da hannun dama. Shi bai nemi kitse ba.

"Sagindik, ƙanena, taka ta! Kai ka san abin nan ba ya jira."

Tafiyar awa uku ce zuwa birni. Da suka yi rabi, Sagindik ya gangara gefen hanya ya kashe mota. Ya tsiyaya shayi ya kurɓa, sannan ya zaro takarda da biro.

"Bismillah, Yaya. Rubuta cewa ƙarya ka yi mini, kai ka hana a kashe injin."

"Don girman Allah, bari mu isa! Wuta hannun nan yake yi."

"Ni za ka gaya wa?"

"To, in rubuta da hagu..."

"Wa zai yarda rubutunka ne? Da dama."

Baurjan ya damƙi biro da kumburarren hannu, yana rubutu yana hawaye. Sagindik ya karɓa ya karanta sau biyu, a tsanake, ransa fes. Sai ya mayar masa, ya ɗora ɗaya daga cikin yatsu biyun da suka rage masa a ƙasan takardar.

"Ka manta kwanan wata."