Ragowar Furar Iya

Salamu alaikum. Na daɗe ban rubuta komai ba, har wasunku sun zaci na sayar da waya. Ba ni da lafiya ne. Yanzu da sauƙi, alhamdu lillahi.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Inna. Na san Iya ta rasu tun kafin a gaya mini. Kukan da na yi a gabansu na biyu ne.

Iya kakar Babanmu ce. A ɗakinta na tashi a Dogo-Dogo.

Ciwon ya fara da tari bayan girbi. Sai zazzaɓi da yamma, sai rama, har na daina zuwa lekol, wato makaranta. Ranar da na ga jini a kakina Baba ya ɗauke ni a moto, wato babur, zuwa asibitin Magarya. Aka ba ni ɗan gwangwani na tofa, aka yi mini radiyo, wato hoton ƙirji. Lokotoro, wato likita, ya ce tarin tibi ne, kuma ya ci jiki.

Maganin kyauta ne, amma radiyo da hanya da abinci sun cinye tunkiyar Inna.

Aka sa ni ɗaki ni kaɗai. Dangi ba sa shiga, sai dai ta taga. Ƙwayoyi da sassafe kafin a ci komai. Fitsarina ya koma ja, na tsorata, majo, mai ba mu magani, ya ce aikin ƙwayar ne. Abinci kuwa ko warinsa ba na so. Na ji yana ce wa Baba, "In ba ta ci ba, magani kaɗai ba zai tashe ta ba."

Iya ta ce sai an kawo ta. Ta sauka gidan Gwaggo kusa da asibiti, ta zo taga da sandarta da ƙwaryar fura.

"Ke mummuna, ni da na ga jikan jika ban kwanta ba, ke kin riga ni?"

Na ce ba zan iya sha ba. Ta sa aka kawo mata kujera.

Ta ce lokacin babban yaƙin Nasara ba ta kai shekaruna ba. Faransawa suka kwashi gero da jakuna da maza, aka tafi da babanta yamma, wani gari a bakin kogin Kwara. Can ake tara abincin soja, can kuma asibitinsu yake. Da labari ya zo yana kwance, ita da uwarta suka bi ayari.

"Ban taɓa ganin ruwa haka ba," in ji ta. "Buhuna kamar duwatsu. Jirgi ya sauke marasa lafiya, ya ɗauki gero. Sojan ƙofa ba ya barin mace ta shiga, sai ƙwarya."

Babanta bai taɓa cin abu bai rage mata ba. Kullum ƙwarya ta fito da 'yar ragowa a gindi. Uwarta ta leƙa ta ce, yana nan da rai.

"Ran nan ta fito tas, an suɗe har da yatsa."

Na ce, "Sai kuka dawo gida?"

"A'a. Uwarmu ta ce wanda ya suɗe ta yunwa yake ji, shi ma ɗan wani ne. Muka yi ta damawa har geronmu ya ƙare. Ko kabarinsa ban gani ba. In na rufe ido kogin kawai nake gani."

Ta turo ƙwaryar. "Ki sha, ki rage mini. Kada in gan ta cike, kada in gan ta tas."

Majo ya ce, "Iya, ba a shan ragowar mai tari."

"To ɗan nan, kai da ka yi boko, nemo mana dabara."

Ya ba ni kofi. In zuba nawa kafin in kai baki, nata ya zauna a ƙwarya.

Haka na fara sha. Wata rana in amayar, in sake zubawa, don kada ƙwarya ta koma cike. Da aka ɗora ni a sikeli majo ya ce na fara nauyi.

Daga baya ƙafa ta hana Iya zuwa. Inna ke kawowa, ta rufe da faifai ta mayar mata.

Wata safiya na miƙa wa Inna ƙwarya. Ta leƙa ciki, ta daɗe. Ba ta ɗauki faifai ba. Ta juya mini baya ta shanye ragowar a tsaye.

Ban tambaye ta ba. Ba a gaya wa mara lafiya mutuwa, na sani. Washegari ma na rage, har ranar da aka sallame ni.

Ina kewar zagin Iya. Ina kewar wannan kogin ma, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin garinmu ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa Inna da Baba da Gwaggo, da majo mai kofi, da ku da kuka yi ta tambaya. Don Allah tari in ya daɗe a je a auna, ba abin kunya ba ne. Kada a bar magani don an ji sauƙi. Mai jinya kuma kada ya gaji da kai abinci, ko ana mayar masa.

Na ce wa Baba zan zauna gidan Gwaggo har in gama magani. Ya ce to. Bai san a ɗakin da na kwanta yanzu akwai wata mata daga wajen Sasumburum ba, babu mai zuwa mata. Ban san sunanta ba. Ina miƙa mata ƙwaryar Iya ta taga.

Jiya ta fito tas. Yau na ƙara gero.