Hannun Bahago a Mita Tamanin

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana hawan falwaya. Ma'aikacin kamfanin tarho ne, irin waɗanda ake hangowa can sama sun ɗaure ƙugu da bel, filaya a baki, suna gyaran layi. Shi ya sa ko bayan ya ajiye aiki ba wanda ya koma kiransa da sunansa. Mai Falwaya kawai ake cewa, masu ladabi su ƙara da Baba. Duk tsawon shekarun nan bai taɓa faɗowa ba ko sau ɗaya. A banɗaki ya zame wata safiya, ƙashin ƙugunsa ya karye. Shi da kansa yakan ce, "Sama ta bar ni lafiya, sabulu ne ya gama da ni."

Ban da aiki, abu ɗaya ya sa a gaba tun yana saurayi: rediyo. Ba na jin labarai ba, irin wanda mutum ke aika saƙo ta cikinsa a amsa masa daga wani gari. Yana da takardar izini da lambar kira tasa. A tsohon gidansa ya kafa dogayen turaku biyu, ya miƙa waya a tsakaninsu, ita ce eriyarsa. Ya fi son mita tamanin, zangon da ba ya buɗewa sai rana ta yi sanyi. Kuma bai cika magana da baki ba. Ya fi son ƙwanƙwasa irin ta tangaraho, inda ake danna ɗan ƙarfe da yatsa, gajeren sauti da dogo, su haɗu su zama haruffa.

Da matarsa ta rasu, ga kuma ƙugu, autarsa ta ce ba za ta bar shi shi kaɗai ba. Auta ma'aikaciya ce a wani kantin magani, tana haya a hawan ƙasa na wani bene. Ta ba shi ɗakin baya, mai taga ɗaya da ke kallon ɗan tsakar gida: famfo, igiyar shanya, da katanga da ta zagaye wurin. Ranar da aka sauke kayansa, mai gidan hayar ya ga nadin waya a cikin kwali, ya tsaya cak.

"Baba, wannan fa?"

"Eriya ce, ɗana. Zan ɗan ɗaga ta bisa rufi."

"Allah ya ba ka haƙuri. Bara wani ya kafa ƙarfe a sama, tsawa ta bi ta ciki ta ƙone min mitocin wuta har shida. Duk abin da zai wuce tsayin katangar nan, ban yarda ba."

Katangar kuwa da ƙyar ta kai mita uku. Eriyar mita tamanin tana son tsawo kusan mita arba'in, tana kuma son a ɗaga ta sama da dabino. Mai Falwaya ya yi mako biyu yana zama a bakin famfo da sandarsa, yana auna tsakar gidan da ido. Ya yi tunanin gajeren sanda mai nadin waya a gindi, amma ya san irinsa yana kwaso ƙugin kowace firji da kowace fitila a benen. Ya yi tunanin lanƙwasa bututun jan ƙarfe ya yi zobe ya ajiye a ɗaki, amma zoben sai an riƙa murɗa shi kullum, yatsunsa kuwa sun fara rawa. A ƙarshe ya zaɓi abin da a da zai yi wa dariya: ya shimfiɗa wayar a bisa katanga, ta bi kwana-kwana ta zagaye gidan.

Auta ce ta hau kujera tana ɗaurawa, shi yana ƙasa yana ba da umarni.

"Baba, wai wannan za ta yi aiki? Kamar igiyar shanya fa take."

"Za ta yi, amma ba za ta je nesa ba. Eriya in ta yi ƙasa, saƙon sama yake miƙewa tsaye, ya dawo ya zubo kamar ruwan sama a garuruwan kusa. Na ƙetare sun fi ƙarfina yanzu. Sai dai maƙwabta."

"To ai da hanau gara mannau."

"Ke dai ɗaura, kada ki koya min karin magana."

Ranar farko bai ji komai ba sai shuu. Rana ta biyu ma haka. A ta uku, daidai lokacin da inuwar benen ta rufe tsakar gida, yana murza akwatin rediyon a hankali sai ya ji ƙwanƙwasa can ƙasa-ƙasa, kamar ana buga ƙofa a wani gida. Ya danne abin sauraro a kunnuwansa. Lambarsa ake kira, sau uku. Sai lambar mai kiran. Sai kalma biyu: kana nan?

Ya zare abin sauraron ya ajiye a kan tebur. 

Masu wannan harka suna gane juna ta hannu, kamar yadda ake gane mutum ta takunsa. Wannan hannun kuwa ya san shi shekara arba'in. Yana jan dogon sauti fiye da kima, sannan ya yi tuntuɓe a harafin ƙarshe kamar mai ɗingishi. Hannun Bahago ne, amininsa, wanda suka fara aiki rana ɗaya kafin a mayar da shi wani gari mai nisan tafiyar rabin yini. Kowace yamma haka Bahago ke kiransa. Kuma wata goma sha huɗu ke nan da Mai Falwaya ya tsaya a bakin kabarinsa, ya ga an rufe shi da idonsa.

Washegari a daidai lokacin, kiran ya dawo. Jibi ma haka. Bai gaya wa kowa ba. Ya daina cin abincin yamma sosai, ya riƙa kallon inuwar benen tana rarrafowa a kan siminti kamar mai jiran hukunci. Abin da ya fi tsorata shi ba fatalwa ba ne. Tsoronsa kada ya zama kansa ne ya fara taɓuwa. Ran nan Auta ta dawo da wuri, ya kira ta ya sa mata abin sauraron ba tare da ya ce komai ba.

"Me kike ji?"

"Tit-tiit, tit-tiit. Wani ne ke kiranka?"

"Kin tabbata kina ji?"

"Baba, ai ba kurma ba ce ni. Waye?"

"Baffanki Bahago."

Ta yi dariya, sai ta dubi fuskarsa, dariyar ta ɗauke. Ta cire abin ta riƙe shi da yatsa biyu, nesa da jikinta.

"Kada ka amsa," in ji ta.

Ya yi kwana shida yana bin maganarta. A na bakwai ya kasa. Da aka buga "kana nan?" sai yatsansa ya tafi da kansa, ya amsa: ina nan. Nan take ƙwanƙwasar ta yanke a tsakiyar harafi. Ya zauna har duhu ya cika ɗakin, ba abin da ya biyo baya.

Kashegari kiran ya zo, amma ya canza. Ba a ƙara tambayar ko yana nan ba. Bayan lambobin, sai: na ji ka. Aka ɗan yi shiru, sannan: ka matso ƙasa. Haka aka yi ta maimaitawa kowace yamma, kwana tara, da wannan ɗingishin a harafin ƙarshe. Mai Falwaya ya yi ta gaya wa kansa cewa eriyar ake nufi, don Bahago mutum ne mai tsokana. Amma duk sanda ya kwanta sai ya ji maganar ta juya masa ta wata fuskar.

A rana ta goma ya ce wa Auta ta nemi hutun kwana ɗaya. Suka hau motar safe, ta shimfiɗa masa filo a ƙarƙashin ƙugu, suka isa garin su Bahago rana tsaka.

Matar Bahago ce ta buɗe musu ƙofa. Ta rame, idanunta sun yi hazo, sai da ya yi magana ta gane shi.

"Amaryarmu, ko ba za a ba baƙi wuri ba?"

"Amarya da furfura! Mai Falwaya, kai ne da sanda? Wa ya sauko da kai?"

Ta kawo musu ruwa, aka gaisa, aka tambayi 'ya'yanta da duk sun yi nisa. Ta taga ya hango turken abokinsa ya karye, eriyar ta faɗo ta kwanta a kan shingen gidan, ba ta fi tasa tsayi ba. Ya yi gyaran murya.

"Amarya, akwai mai shiga ɗakin rediyon nan?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta, kamar yarinyar da aka kama da hannu a tukunya.

"Ni ce," ta ce. "Kada ka yi min faɗa. Gidan ne ya yi shiru da yawa. Shekara arba'in kowace yamma ina ninke kaya ina jin wannan ƙarar ta bango, har ta zauna min a ka kamar waƙa. Ran nan na shiga share ɗakin, na kunna abin yadda nake ganin yana yi, na danna. Sai na ji kamar yana gida. Ban san ma me take cewa ba."

"Ni kike kira," in ji shi. "Lambata ce. Kina tambaya ko ina nan."

Ta rufe baki da hannu. Auta ta saki ajiyar zuciya mai ƙarfi har ta jingina da bango. Shi ma ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa, har ya fara dariya, hawaye na bin gemunsa.

"Ashe kai ne ka amsa!" in ji tsohuwar. "Wallahi saura kaɗan in mutu. Ina cikin dannawa sai na ji abu ya mayar min. Na fizge wayar daga bango, na fito da gudu ba takalmi, na kulle ɗakin. Yau kwana goma ban ko kalli ƙofar ba."

Dariyarsa ta tsaya.

"Kwana nawa?"

"Goma. Ga mabuɗin nan a wuyana, ko wanka ba na cire shi."

Auta ta dubi mahaifinta. Ya girgiza mata kai kaɗan.

Ya roƙi a buɗe masa ɗakin. Ƙofar ta yi ƙara. Komai yana inda ya san shi: teburin katako, kujera mai ƙafa ɗaya gajera da aka tallafe da kwali, tabarau a kan littafi, ɗan ƙarfen ƙwanƙwasa a gefen hagu. Filogin yana yashe a ƙasa, nesa da bango, gizo-gizo ya ja zare daga shi zuwa ƙafar tebur. Ya duba bayan akwatin ko akwai batir. Babu. Ya ɗora tafinsa a kan murfin. Sanyi ƙalau.

Bai gaya mata ba. Abin da ya yi shi ne ya sa Auta ta gyara zaman wayar a kan shingen, ya jona abin magana da baki, ya nuna wa tsohuwar inda za ta danna in za ta yi magana da inda za ta saki in za ta saurara. Daga baya Auta ta yi zirga-zirga har aka samo mata takardar izini. A hanyar dawowa a wannan ranar, da suka kusa gida, Auta ta juyo ta dubi mahaifinta.

"Ƙila wani ne cikin abokanku yake wasa," in ji Auta.

"Ƙila."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tambaya, 'yan tsirarun da suka rage. Kowa ya rantse ba shi ba ne. Wani tsohon malamin makaranta a cikinsu ma ya ji haushi, ya ce wane marar tsoron Allah ne zai kwaikwayi hannun mamaci.

Tun daga nan kowace yamma, in inuwa ta rufe tsakar gida, sai muryar Amarya ta zubo ɗakin baya, tana rawa, tana ɓacewa tana dawowa. Suna hirar ciwon gwiwa, da jikokin da ba sa kira, da akuyar maƙwabta da ta cinye mata shuka. Mai Falwaya ya koma cin abinci, har ya yi ƙiba. Mai gidan haya ma yakan leƙo ta taga ya gaishe ta.

Sai dai wasu ranakun, can ƙarƙashin muryarta, yakan ji ƙwanƙwasar, siririya, tana jan dogon sauti. Ba ta ƙara haɗa wata kalma da zai iya karantawa ba. Takan shigo ne in hira ta yi daɗi, ta ɗauke in sun yi shiru. In ya ji ta sai ya rage ƙara, ya ci gaba da magana kamar ba komai.

Sun shekara biyu a haka. Wata yamma tana ba shi labarin yadda rufin kicin ya fara yoyo, sai ta tsaya a tsakiyar zance. Ƙwanƙwasar tana tafiya a ƙasa, a fili fiye da kullum.

"Mai Falwaya."

"Na'am, Amarya."

"Kai ma kana jinsa, ko?"

Ya danna madannin.

"Ina ji."

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

Shuu ya cika ɗakin. Ya ji ta ja numfashi, sannan ta yi 'yar dariya irin ta tsofaffi.

"To, ƙyale shi," ta ce. "Dama shi ba a hira a bar shi a baya. Ina muka tsaya? Yauwa, rufin. Na sa bokiti biyu, amma na ukun nake nema."