Dariyar da Na Yi a Gidan Makoki

Aminiyata 'yar wasan barkwanci ce. A unguwar New Bell ba sai an faɗi sunanta ba, da an ce "mai kukan nan" kowa ya gane, har 'yan bensikin masu haya da babur waɗanda ba sa jin Hausa. A fim kullum ita ce matar da ke bin gidajen rasuwa don shinkafar sadaka. Za ta shigo, ta leƙa tukunya tukuna, sannan ta ja numfashi sau uku kamar mai shaƙuwa, ta saki wata siririyar ƙara irin ta buta in ruwa ya tafasa. Masu kallo su yi ta riƙe ciki.

Abin da ba su sani ba, kukan nan ba ƙirƙirarsa ta yi ba. Haka take kuka tun muna yara muna tallar gyaɗa a bakin kasuwa. Ni ce ma da bakina na ce mata, ranar da za ta je gwajin fim na farko, "Ke dai yi musu kukanki na gida, in ba su ɗauke ki ba ki dawo ki tsine min." Suka ɗauke ta. Na yi shekaru ina taƙama da wannan shawara, duk inda na zauna sai na ba da labari.

Ta yi suna tun zamanin faifai har aka koma kallo a waya, amma sunan bai fitar da ita daga gidan haya ba. Abin da ya yi mata shi ne ya hana kowa ɗaukar maganarta da gaske. Ko ciwon kai ta ce tana yi sai a bushe da dariya. Mu biyu ne kawai take zama da mu ba ta wasa: ni da mijinta, mai sayar da atamfa a kasuwar Mboppi, mutum shiru-shiru. Bai taɓa kallon fim ɗinta har ƙarshe ba. Ya ce shi kukan nan tayar masa da hankali yake yi.

Da damina ya rasu, da hantsi, ruwa na dukan kwano. Tsakar gida ta cika da mata, namu da Fulani da maƙwabta 'yan gari suna ta "asiya, asiya", gaisuwarsu ta jaje. Tana zaune ina riƙe da hannunta. Ta daure har aka fito da makara. Sai na ji ta ja numfashi. Ta sake ja, ta kuma ja, sannan ƙarar ta fito.

Wata budurwa ta tuntsire, ta toshe baki da mayafi. Kafaɗun mata suka fara rawa. Ni kuwa, Allah ya yafe min, dariya ta kuɓuce min ta hanci. Ba ta fi ƙiftawar ido ba. Amma hannuna na cikin nata, ta ji. Ta juyo ta dube ni, ta haɗiye sauran kukan.

Har ta gama takaba, wata huɗu da kwana goma, ba wanda ya ƙara ganin hawayenta. Matan da suka yi dariyar su ne suka koma cewa taurin zuciya gare ta. Bakin mutane ke nan, ba ka iya musu. Ni kunya ta hana ni komawa. Mako biyu ina aika abinci daga Bonabéri, can tsallaken kogi, inda aure ya kai ni, kwanukan na dawowa a wanke. Ranar da na yi ta maza na tafi, tun daga kan gada nake bitar abin da zan ce.

Na same ta ita kaɗai, tana tsince shinkafa. Na durƙusa na ce, "Ƙawata, na zo ne ki yafe min."

"A'a, Hajiya ce? Vraiment, gaskiya kin yi ƙiba!" Tunda muke ba ta taɓa ce min Hajiya ba. Ta tashi ta ɗauko tabarmar baƙi ta shimfiɗa min. Na sake buɗe baki, ta tare ni da labarin wata mai gaisuwa da ta zo ta'aziyya ta tafi da takalmin wata. Ta kwaikwayi tafiyarta, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Na cije leɓe, na kau da kai, amma gwana gwana ce. Na yi dariya hawaye na zuba, ita kuma tana kallona, fuskarta ba komai.

Ta rako ni bakin ƙofa ta ce, "Merci, an gode da zuwa. A gaida mutan gida."

Ta koma fim bayan takaba, har yanzu tana kukan, har yanzu ana dariya. Ina kewarta, kuma ba mu ɓata ba. Ina zuwa da salla, ina zuwa ba salla. Duk zuwan da na yi sai ta ba ni dariya har cikina ya ƙulle, kamar yadda take yi wa kowa.