Dutsen da Na Kai wa Malam Habu

Tashi

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar ƙauyenmu a ƙasar Sumaila, da baƙin dutse ƙulle a rawani. Mako biyu kafin nan wata wuta ta ratsa sama, washegari aka tsinci dutsen a gonar maƙwabcina Ɗanjuma. Ni na tsaya a ƙofar masallaci na ce daga sama ya faɗo. Aka yarda, domin an san na shekara ashirin ina sauraron Malam Habu Mai Taurari a rediyo. Shi ya fahimtar da mu cewa husufin wata inuwar duniya ce. Na yi alkawarin kawo shaidarsa.

Wudil, bakwai da kwata

A shinge ɗan sanda ya kwance ƙullin. "Baba, dutse za ka kai Kano? Dala ta ƙare ne?" Na mayar da ƙullina, muka wuce.

Unguwa Uku, takwas da rabi

Na karya da koko da ƙosai, na hau adaidaita sahu zuwa Gyadi-Gyadi. Direban ya san gidan. "Mai nuna wa mutane wata a bututu? Ni ma na leƙa ina aji huɗu."

Gidan Malam, ƙarfe tara

'Yarsa Hajara, ma'aikaciyar jinya, ta shigar da ni. Na tarar da shi kwance, ido ya tafi. Ya jinjina dutsen, ya bi ramukansa da yatsa.

"Alhaji, wutar da kuka gani gaskiya ce. Amma na sama ba ya huda-huda haka. Wannan kashin maƙera ne. Kakanninku sun narka tama a gonar nan."

"Malam, na riga na faɗa gaban jama'a."

"Ni a rediyo na taɓa kuskure ranar husufi da kwana guda, na ce yau ashe sai gobe. Mako na zagayowa na buɗe shirin da ba da haƙuri."

Hajara ta ce, "Har Innarmu ta rasu Malam Gobe take kiransa."

Ya yi dariya har da tari.

Gida, bayan la'asar

Na tsaya inda na tsaya a da. Na faɗi uku a jere: wuta gaskiya, dutse na ƙasa, kuskure nawa. Ɗanjuma ya ƙyalƙyale da dariya. Sai Baba Audu, mafi tsufa a garin, ya miƙo hannu biyu.

"Ba ni shi. Kakana ne maƙerin."

Alhamdu lillahi da na dawo lafiya. Allah Ya ba Malam sauƙi.