Hannun Malam a Gindin Mutum-mutumin Meziko

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar maigidana. Ban taɓa kiran sunansa ba yana da rai, ba kuwa zan fara a jarida ba. Malam nake ce masa, haka ma duk Ƙofar Marusa.

Malamin gona ne. A shekarar farko ta aurenmu aka tura shi ƙasar Meziko wata uku, koyon noman masara. Ni kuwa amarya ce da littattafan soyayya na bakin kasuwa suka cika wa kai. Na sa rai zai dawo min da fure, ko wasiƙa mai ƙamshin turare. Sai ga shi da ƙullin irin masara da hoto guda ɗaya.

A hoton yana tsaye a wani dandali, gindin mutum-mutumin tagulla mai tsawon mutum uku. Ya ce wani jagoran juyin juya hali ne da ya zama shugaban ƙasarsu, ya raba wa talakawa gonaki. Sunansa bai taɓa zauna min a baki ba, sai muka riƙa ce masa Mai Gashin-baki. Malam ya dafa dakalin da hannun dama, yana dariya har ana ganin wushiryarsa. Shi da ba ya son hoto, wannan kaɗai ne aka taɓa kama shi yana dariya.

Da Inna, mahaifiyarsa, ta gani, sai ta ce, “Mi nike gani haka? Ka ƙetare teku don ka dafa gunki?”

Ya ce, “Inna, ba bauta mashi suke ba. Tunawa ce kawai.”

“Su tuna shi da addu'a mana. Ba ni kwana gida ɗaya da shi.”

Ta miƙo min almakashi, na raba hoton biyu. Da yake hannun Malam na kan dakalin, sai ya bi mutum-mutumin. Malam ya duba rabinsa ya ce, “Kin yanke min hukuncin ɓarawo, ban saci komai ba.” Na sunkuyar da kai na ce ai ya saci zuciyata. A littafi na samo maganar, ya kuwa gane. Sati guda ya yi yana min dariya.

Inna ta ce a ƙona ɗaya rabin. Ban iya jefa hannun mijina a murhu ba, sai na cusa shi cikin wani littafina, na manta. Rabin Malam kuwa aka sa masa gilashi aka rataye a ɗakina.

Damina ta biyu bayan rasuwarsa, soro ya yi yoyo ta daidai wurin. Kafin in lura ruwa ya shiga bayan gilashin ya wanke fuskar, sai farin tabo. Na tambayi 'ya'yana maza labarin kabarinsa, suka ce ya kwanta daidai da ƙasa, sakainar da aka kafa ma ba a bambanta ta da ta maƙwabtansa. Ranar, Allah Ya yafe min, na yi kishin mutanen Meziko. Su nasu yana tsaye da tagulla, ni nawa ko fuska babu. Na ji tsoron wata rana zan rufe ido in neme shi in rasa.

Ina kwashe littattafai daga jiƙaƙƙen akwati sai ɗaya rabin hoton nan ya faɗo. Mai Gashin-baki ko ƙwarzane bai yi ba. Can ƙasa kuma ga yatsu biyar, ga agogo, ga tabon lauje a babban yatsa. Da babu gara ba daɗi. Daga hannun nan nake sake gina shi, har in kai ga wushiryar.

Kwanan baya 'yarmu Zulai ta nemo min mutum-mutumin a wayarta. Yana nan tsaye, tantabaru a kansa, mutane na wucewa ba mai ɗaga kai. Da Malam zai ga ƙasar da ya yi kwana biyu a jirgi kafin ya kai ta shigo tafin hannu, da ya ce a nemo masa gonakinsu, ba dandali ba. Da kuma zai ga gonar gwajinsa ta bayan gari ta zama gidaje masu dogayen katangu, na san zai tambayi inda manoman suka koma.

Irin masarar nan da ya zo da shi kuwa bai ajiye shi ba. Ya riɓanya shi, ya bi ƙauyuka yana rabawa da tafin hannu. Makon jiya na tsaya wurin wata mai gasa masara a bakin ƙofa, baƙuwa ce daga ƙauye. Ta ce, “Hajiya, ɗauki wannan, 'yar Malam ce, ta fi zaƙi.”

Na ce, “Wane Malam?”

Ta ce, “Oho. Haka muka taso muka ji ana ce mata.”

Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Inna ta yi gaskiya, Allah Ya jiƙansu su duka, addu'a ce tunawarmu, ita nake yi masa kullum. Ban gaya wa matar ko wane Malam ne ba. Na sayi biyu, kamar yadda na saba, na cinye har tasa.