Bel ɗin Motar Soja da Alkamar Baba

A shekarun da noman alkama ya kankama a gonakin rani na wajen Kura, muna da wata dabara ta sussuka. In an yanke alkama, sai a baza ta a kan titi, motoci su bi ta kai su tattake. Baba ya fi kowa iya wannan, har yakan tsaya bakin titi yana yi wa direbobi nuni su bi ta tsakiya.

Ƙanena direba ne a soja. Wata shekara aka aiko shi da babbar mota ya ɗauki tumatir da albasa a Kadawa don kicin ɗin bariki, ya biyo ta gida. Da ya buɗe ƙofa sai muka ga bai sauko ba, yana ta kwance wani bel da ya ratsa ƙirjinsa. Ya ce sabuwar doka ce, kowace motarsu an sa mata bel, an kuma ƙara ƙarafa a rufin gidan direba.

Ni babbar yayarsa ce, ba na raga masa. Na ce, "To, soja guda an ɗaure shi kamar akuyar kasuwa."

Baba kuwa ransa ne ya ɓaci. A wajenmu duk wanda ya taɓa hawa motar tumatir ya san ƙa'ida: in mota ta karkace, ka dira. Ya ce, "Kai yaro, wanda ya ɗaure ka a mota ba masoyinka ba ne. Ka daina sawa."

"Baba, in aka kama ni babu shi, a gadirum, kurkukun bariki, zan kwana."

Washegari da hantsi Baba ya baza alkamarsa da kauri a titin da ke bin gefen babbar magudanar ruwa, wai motar ɗansa ta fi kowace mota nauyi, tafiya ɗaya ta isa. Ina tsaye da faifai a hannu motar ta taho. Ta hau karan alkama, ƙanena ya taka birki, tayoyin suka zame kamar a kan sabulu. Motar ta juya a hankali, sannan ta kife cikin magudanar ta gefen direba. Allah ya sa an rufe ruwa saboda girbi.

Baba yana gudu yana cewa, "Bai dira ba, bai dira ba." Na bi bayansa.

Da na isa, na leƙa ta gilashin da ya fashe. Yana rataye a karkace, bel ɗin na riƙe da shi, kansa bai kai siminti ba. Rufin ya lotsa ya tsaya a kan ƙarafan nan. Inda zai faɗa da ya dira, nan motar ta kwanta da duk nauyinta. Ya dube ni ya ce, "Yaya, riƙe min kafaɗa in kwance." Har yau in na tuna muryar nan tsigar jikina sai ta tashi. Ban taɓa ganin ikon Allah kusa da ni haka ba.

Aka fito da shi da ƙujewa a gwiwar hannu kawai. Baba bai ko dube shi ba tukuna. Ya zura hannu cikin motar ya kama bel ɗin, abin da faɗinsa bai wuce yatsu uku ba, yana murza shi yana salati, hawaye na zuba a gemunsa.

Ragowar alkamar shekarar, da sanda muka sussuke ta a tsakar gida.