Maɓallai Ashirin da Biyu

Tela mutum ne da bai iya faɗuwa gardama ba. Shekara talatin ya yi yana ɗinki a wani ɗan shago ƙarƙashin bene: keke ɗaya, teburin yanka, sai madubin da ya tsage a kusurwa. Hannunsa na da kyau, ba a dawo masa da riga. Amma da an ɗauko zancen ƙwallo sai ya ajiye almakashi, ba zai koma kan keke ba sai abokin gardama ya ce ya ji.

Yayansa direban bas ne, mai sanyin hali, shi ma mayen ƙwallo. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, harshensa ya yi nauyi, likita ya ce a riƙa sa shi magana. Tela ne ya samo dabara. Ya ɗebo maɓallai daga shago, baƙaƙe sha ɗaya, farare sha ɗaya, ya jera su a faranti kan gadon. Kowa zai zaɓi gwanayen da duniya ba ta taɓa ganin irinsu ba, da masu rai da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya tsara yadda zai doke ɗan'uwansa. Farare na Yaya, baƙaƙe na Tela.

Kowane mako Tela yakan rufe shago da wuri ya tafi. Wata bakwai suna shiri ba a take wasa ba. Mai tsaron gida kaɗai ya ci musu mako uku.

"Bahagon nan naka ba ya komowa baya," Tela zai ce. "Ta gefensa zan bi in yi maka ɓarna."

"Ka fara... samun ƙwallon tukuna, Auta."

Matar Yaya takan leƙo ta ce gara su sa maɓallan su ƙarasa mata rigar da aka yi mata alkawari tun bara. A watannin nan magana ta fara dawo wa Yaya, har dariya yake yi da rabin baki.

Wata rana Tela ya iske shi a zaune, an jingina masa matasai, farantin na kan cinya. Da hannunsa mai lafiya ya ja maɓallin ɗan gaba ya dawo da shi tsakiyar fili.

"Ba ni da ɗan gaba," ya ce. "'Yan bayanka biyu... za su..."

"Za su huta, su sha iska. Wa zai ci maka ƙwallon?"

"Bari in... bari in gama."

Kalmar ta maƙale. Yaya ya yi ta kokawa da ita, jijiyar wuyansa ta miƙe. Tela kuwa amsa na cin sa a baki, sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, kafin ka gama faɗin dabarar nan ai alƙali ya tashi wasa."

Da wasa ya faɗa. Ba wanda ya taya shi dariya. Yaya ya dube shi, ya ture farantin a hankali zuwa gefen gado.

"Ka ci," ya ce.

Da mako ya zagayo, matar Yaya ta tare shi a bakin ƙofa da maɓallan a ƙulle cikin leda.

"Ya ce ka mayar shago. Kwana uku ya yi yana maimaita bayanin dabarar nan a gabana, don ranar da ka zo ta fita daidai. Ni da ban san kan ƙwallo ba har na haddace ta."

Tela ya roƙe ta, ta faɗa masa. Washegari ya jera maɓallan a teburin yanka, ya bar wandon wani da alli a jiki. 'Yan bayansa biyu ba su da wanda za su tsare. In ɗaya ya biyo mutumin zuwa tsakiya, ya bar rami a baya, bahagon ya faɗa ciki. In bai biyo ba, farare huɗu sun taru kan baƙaƙe uku. Ya juya ta nan, ya juya ta can, har rana ta yi tsaka. Babu mafita.

Ya koma ya durƙusa gaban gadon.

"Yaya, dabararka ta kashe ni. Na gwada ta kowace hanya."

Yaya ya ɗan murmusa. "Kar ka lallashe ni, Auta."

Tela ya rantse, amma ina. Mutumin da tun tasowarsu bai taɓa cewa an fi shi gaskiya ba, wa zai yarda da shi ranar da ya fara?

Shekara biyu ke nan. Yaya na nan da rai, sai dai maganarsa ta koma "to" da "madalla". Likita ya ce ciwon ne, haka yake yi wa wasu. Tela yakan gyaɗa kai, bai taɓa musa masa ba. Har yanzu yana zuwa kowane mako, ya yanke masa farce, ya gyara masa gemu. Riguna kuwa shi yake ɗinka masa, yana buɗa hannun hagu sosai, don shanyayyen hannun ya shiga ba tare da an wahalar da shi ba.